Tauraro a Bencin Baba

A bayan babur kwamfutar ta shigo gidanmu, an naɗe ta da bargo kamar mai zazzaɓi, Baba na biye da ita a ƙafa yana yi wa mai babur faɗan ya bi a hankali. A shago aka sauke ta, wato ɗakin gaba na gidanmu mai kallon titi, inda Baba ke ɗaukar hoto. Mai Hoto kowa ke ce masa a layinmu, har da Umma idan ya ɓata mata rai.

Shagon ba wani girma gare shi ba, amma har yau in na rufe ido ina iya zagaya shi ban yi tuntuɓe ba. Akwai labule mai zanen tafki da duwatsu, wanda rabin unguwa suka tsaya a gabansa suna hura hanci. Akwai kujera mai juyawa marar jingina, da fitilu biyu masu lema, da madubi, da mataji da aka ɗaure da zare don kada wani ya manta ya tafi da shi. Daga bakin ƙofa kuma dogon benci ne na masu jiran layi. In fitilun suka yi zafi, shagon kan ɗauki wani wari na ƙura da turaren mutane, wanda ban sake jin irinsa a ko'ina ba.

Mu uku iyayenmu suka haifa. Yaya ne babba, Baba na kiransa Injiniya tun ranar da ya kwance rediyon Umma ya mayar, ƙusoshi suka yi saura amma rediyo na magana. Sai ni, 'Yar Tsaki, don an ce na iya tsaki kafin na iya cewa Umma. Sai Auta, wanda ba shi da aiki a lokacin sai cin alawar da aka ajiye don lallashin 'ya'yan kwastoma.

A ƙasan allon kwamfutar akwai wani siririn layi da ya miƙe daga hagu zuwa dama, inda ake maƙala abubuwan da mutum ke yawan buɗewa, dannawa ɗaya su fito ba sai an yi lalube ba. Benci Baba ya raɗa masa, don ya ce alamomin da ke kai sun yi kama da mutane a jere suna jiran a kira su. Manhajar gyaran hoto ce ta fara hawa, sai ta bugawa. Waɗannan ba su ba da wahala ba, ana jawo su suka zauna.

Rigimar ta taso ne da Baba ya ce mu ma sai mun hau. Kowannenmu yana da folda ta hotunansa, shi kuma yana so ya ga iyalinsa a gabansa duk sa'ad da ya kunna na'urarsa. To, ashe benci bai san folda ba. In Baba ya kama ta da linzamin kwamfuta ya jawo ta ƙasa, sai ta shige ƙarƙashin wata alama ruwan ɗorawa ta ɓace da gani. Ya ja, ya sake ja, ya zagi wanda ya ƙera ta, ya kashe ya kunna, duk a banza.

Yaya ne ya warware matsalar, yana ɗan sakandare a lokacin. Kwana da kwanaki in ya dawo makaranta ba ya ko cire takalmi sai ya zauna gabanta. Rannan ya fito tsakar gida yana ihu kamar ya ci gasa.

"Baba, yaudararta ake yi! Ba foldar ake ɗorawa ba. Yanke ake yi mata, wata 'yar alama mai kibiya da ke nuna hanyar zuwa wurinta. Sai a ƙara wata kalma a gaban adireshin, kwamfutar ta zaci manhaja ce, shi ke nan ta bar ta ta zauna."

"Ai dama abin da nake shirin yi ke nan," in ji Baba.

Kowa kuma sai da aka canza masa alama don a bambanta. Baba ne ya zaɓa, yana tsaye a kan Yaya, hannu a bayansa. Umma ta samu bishiya. Yaya ya samu tauraro. Auta aka ba shi duniya sukutum, wai dama tasa ce. Ni kuwa kwaɗo aka liƙa min, irin na kulle ƙofa.

"Me ya sa ni kwaɗo?" na tambaya.

"Bakinki ne ke bukata," Baba ya ce. Na ja tsaki, shago ya kwashe da dariya, magana ta tabbata.

Haka muka jeru, bishiya, tauraro, kwaɗo, duniya. Shi Baba ba shi da alama, ya ce mai hoto ba ya shiga hoto. Duk kwastoman da ya leƙo allon sai ya sha labari. Da farko cewa yake, "Ni da yaron nan muka yi." Daga baya ya koma "Na yi, yaron ya ɗan taya ni." Kafin shekara ta zagayo, aikin Yaya a cikin labarin ya koma miƙo ruwan sha. Yaya bai taɓa musu ba, sai dai ya kalle ni ya kanne ido.

Duk ranar komawa makaranta bayan dogon hutu, kafin mu fita, sai kowa ya hau kujera mai juyawa da sabon inifom an ɗauke shi. Kalaman Baba ba sa canzawa. "Ɗaga haɓa. Kar a yi min dariya, ba tallar man goge baki muke ba." Da yamma ya zuba kowane hoto a foldar mai shi, ya kira mu mu danna alamarmu mu ga yadda muka girma. Hoton da ya yi rawa ko kaɗan ba ya kwana a shagonsa, nan take yake goge shi a sake.

Benci har ya zama abin tsoratarwa a gidanmu. In na yi rashin kunya Baba ya ce, "Ci gaba, yau zan sauke ki daga benci." In Auta ya ƙi wanka, haka. Wasa ne, kowa ya san wasa ne, don ba wanda aka taɓa saukewa.

Sai wayoyi masu kyamara suka cika gari. Ba rana ɗaya abin ya faru ba. 'Yan mata ne suka fara daina zuwa, sai samari, sai masu jego. Bencin katako na bakin ƙofa ya koma wurin barcin kyanwar maƙwabta. Masu neman hoton fasfo ne kaɗai suka rage, su ma a gaggauce. Baba ya tsani waya kamar ita ta kashe masa uwa. Cewa yake kowane mai yatsa yanzu ya zama mai hoto.

Yaya ya gama karatu ya dawo shago, don Baba ya daɗe da yanke cewa shi zai gaje shi. Abin da Baba bai sani ba, Yaya na zamewa da rana ya je wajen wani abokinsa yana koyon gyaran waya. Asirin ya tonu ne wata ranar Asabar da la'asar, ina zaune a shagon ina yanke hotunan fasfo. Wata mata ta shigo da hoton mahaifiyarta a waya tana so a buga mata. Baba ya duba ya ce hoton ya yi rawa, ba zai fita daga injinsa ba. Matar ta ce shi kaɗai take da shi, tsohuwar ta rasu. Baba ya ce a yi haƙuri. Yaya ya karɓi wayar, ya jona ta da kwamfuta, ya buga hoton ya miƙa mata.

Tana fita Baba ya ce, "A shagon wa?"

"Baba, shagon nan ya mutu," Yaya ya ce. "Mu ne dai ba mu yarda mu binne shi ba. Ni na samu wurin gyaran waya, Litinin zan fara."

Na taɓa ganin Baba cikin fushi, yana faɗa ana jiyo shi daga bakin titi. Wannan karon muryarsa ƙasa ta yi.

"Wato abin da ya kashe ni, shi za ka je kana yi wa magani."

Ya juya ga kwamfuta. Ya ɗora kibiya a kan tauraro, ya danna dama, ya zaɓi cirewa. Dannawa biyu kacal. Abin da ya fi ci min rai, bencin bai bar gurbi ba. Kwaɗona ne ya sulale hagu ya manne da bishiyar Umma, duniyar Auta ta biyo shi, layi ya haɗe kamar ba a taɓa yin wani a wurin ba. Wallahi ji na yi kamar ni na ture shi.

Yaya ya tsaya yana kallon allon. Sannan ya shiga ciki ya haɗa kayansa a jaka ɗaya. Umma ta bi shi har ƙofa tana cewa tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ya ce mata, "Umma, ai kin gani, an sauke ni."

Ba nisa ya yi ba, can ɗaya gefen gari ne, mota ɗaya ake shiga. Amma shekaru suka yi ta wucewa bai tako layinmu ba, Baba kuma bai ƙara furta sunansa ba. Wayar Umma dai ta kamu da wani ciwo mai ban mamaki, kusan duk mako sai ta lalace, kuma duk masu gyaran da ke kusa da mu ba wanda ya iya ta. Sai ta yi girki ta zuba a kwano ta ɗaure, ta tafi kai gyara. Baba ya san ruwa ba ya tsami banza. Iyakarsa ya ce, "Wayar nan taki tana da ci."

Na yi aure, na haifi 'yata, wadda Baba ya sa wa Tsuntsuwa saboda surutu. Ya ɗora ta a kujera mai juyawa ina riƙe da ita ta baya, ya ɗauke ta, ya buɗe mata folda. Na yi ta jira in ga ta hau benci. Wata ya wuce, shekara ta wuce, shiru. Rannan na kasa daurewa.

"Baba, Tsuntsuwa fa? Ko don 'yar 'ya mace ce ba ta da wurin zama?"

"Benci ya cika," ya ce, bai ko kalle ni ba.

Bencin da rabinsa fili ne fetal. Na ja tsakin da ban taɓa ja a gabansa ba, na saɓi 'yata na tafi. Na daɗe ina riƙe da abin a raina, ba zan ɓoye ba.

Sai ciwo ya kwantar da shi. Da safe ne yana shara a ƙofar shago, tsintsiya ta faɗi daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Ɓarin dama ne ya shanye. Allah ya taimaka abin ya zo da sauƙi, ya tashi, yana tafiya da sanda, magana na fita ko da yake da nauyi. Amma likita ta ja ni gefe ta ce irin wannan yakan dawo, kuma na biyu ba kasafai yake sallama ba. Yaya ya zo asibitin, ya tsaya a baranda. Umma ta shiga ta ce wa Baba, "Ga Injiniya a waje." Baba ya juya fuska bango ya ce barci yake ji. Tun daga ranar tsoro ɗaya ya zauna min a ƙirji, kada mutumin nan ya tafi su biyun ba su ƙara haɗa ido ba.

Bayan an sallame shi ya koma zaman shago, ko da yake ba mai zuwa. Yakan kunna kwamfutar, ta ɗauki lokacinta tana nishi kamar tsohuwar mota, shi kuma ya riƙe linzami da hannun hagu. Wata safiya na zo da tsumma zan goge masa kaya, na zagaya ta bayansa. Sai na tsaya cak.

Allon da Baba ke tsaftacewa kamar gilashin kyamara ya cika dam da ƙananan alamomi masu kibiya, wasu kan wasu. Na matsa na karanta. Injiniya. Injiniya. Injiniya. Daga sama har ƙasa sunan ne, kowanne da 'yar lamba a gefensa. Can tsakiya kuma, nan da can, Tsuntsuwa.

"Baba, mene ne wannan?"

Ya yi sauri zai rufe da tafin hannu, kamar allo takarda ce. "Ƙwayar cuta ce ta shige ta. Ita ke haifo su da kanta."

"Ƙwayar cutar ta san sunan Yaya?"

"Ke dai goge abin da kika zo gogewa."

Da ya shiga ciki shan magani, na zauna a kujerarsa na buɗe kwandon shara na kwamfutar. Baba bai taɓa sanin ana zubar da shi ba. A cike yake da irin alamomin nan, kowanne da ranar da aka jefa shi, har na gangara zuwa na farko. Makon da Yaya ya bar gida ne. Ashe duk shekarun nan yana yin yanken, ya ja shi zuwa benci, ya ƙi zama, ya jefa shi a kwando kafin wani ya gani. Yanzu da hannun ya mutu, jan zuwa kwandon ne ya gagare shi, shi ya sa suka taru a fili. Cirewa kawai ya iya. Ɗorawa bai taɓa iyawa ba, labarin ne ya yi ta bayarwa har shi ma ya yarda. Na tuna tsakin da na ja masa a kan Tsuntsuwa, na kifa kai a tebur na yi kuka.

Da na share ido na ɗauko wayata na bincika. Kafin ruwan shayi ya tafasa na samu bayanin, dalla-dalla, har da kalmar da ake ƙarawa. Na ruga kicin da murna.

"Umma, na gano yadda ake yi! Yanzu zan ɗora masa su duka."

Umma na yanka albasa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kada ki kuskura ki iya."

"Kamar yaya?"

"In kin ɗora masa tauraro, ya samu abin kallo, shi ke nan ya huta. Ni kuma ɗana nake so ya shigo ta ƙofar can da ƙafarsa. Kin iya, na ji, Allah ya ƙara basira. To ki manta."

"Dama kin sani?"

"Ni nake share shagon nan tun ba a haife ki ba."

Ban taɓa yin aiki mai wuya irin na yinin nan ba. Na zauna gaban kwamfuta ina danne-dannen banza, Baba na gefe yana kallo da ido ɗaya, wai shi ba ruwansa. Na ja folda, ta ɓace. Na sake ja. Na buɗe abin da bai shafi komai ba na rufe.

"Duk karatun da aka yi miki?" ya ce. "Ashe kwalin ado ne."

Tsaki ya taso min har maƙogwaro, na haɗiye shi da ƙyar.

"Ta fi ƙarfina, Baba. Mutum ɗaya na sani da zai iya kashe wannan ƙwayar cutar."

"Garin nan cike yake da masu gyara."

"Haka ne. Sai a kira baƙo ya zo ya buɗe foldar Umma, ya ga hotunanta na amarci da ka ɗauka ba ɗankwali."

Ya murza kan sandarsa. Can ya ce, "A matsayin mai gyara zai zo. Ya gama ya kama gabansa."

Na ɗauka na gama da mai wuyar. Da na kira Yaya sai ya ce, "Ya kira ni da bakinsa mana. Shi ya sauke ni."

Nan fa kwaɗon bakina ya ɓalle. Na ce masa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, shi da Baba taurin kai ɗaya aka raba musu biyu. Na ce girman kai rawanin tsiya ne, kuma su biyun sun naɗa har ya rufe musu ido. Na gaya masa abin da likita ta ce, kalma da kalma. "In ba ka zo gobe ba, kada ka zo ranar da za a fito da shi, don ni zan tsaya a ƙofa, kuma ka san ni." Na kashe wayar kafin ya amsa.

Washegari da hantsi ya iso, da 'yar jakar kayan aiki a kafaɗa. Ya yi ƙiba, gashin gaban kansa ya fara ja da baya, sak Baba a shekarun baya. Ya yi sallama a bakin ƙofa ya durƙusa.

"Ina kwana, Baba. Ya jiki?"

"Da sauƙi." Baba na kallon titi. "An ce kana gyaran waya."

"Ina taɓawa."

"To wannan ba waya ba ce. Ban sani ba ko za ka iya."

Yaya ya ajiye jaka ya zauna gaban kwamfutar, ya taɓa linzami allon ya farka. Ina tsaye a jikin labulen tafki, Umma kuma ta samu wani aiki na gaggawa a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida. Na ga bayan Yaya ya sandare. Ya daɗe yana kallon sunansa jere a allon, bai motsa ba.

"Ƙwayar cuta ce," Baba ya ce wa titi.

"Na gani, Baba," Yaya ya ce. "Tana da magani."

Yatsunsa ba su manta ba. Ya zaɓi ɗaya daga cikin alamomin, ya buɗe cikinta, ya ƙara kalmar a gaban adireshin. Ya shiga inda ake canza hoto, ya yi ta gangarawa cikin ƙananan zane-zane har ya tsaya a kan tauraron, yana nan inda ya bar shi. Ya danna, ya ɗora. Tauraro ya bayyana a benci, amma can ƙarshen layi, bayan duniyar Auta, inda duk sabon zuwa ke sauka.

Yaya ya janye hannunsa. "An gama."

"Ba nan ba ne wurinsa."

Ban san lokacin da Baba ya juyo ba. Ya jawo kujerarsa da ƙafa, ya miƙa hannun hagu ya kama linzami. Ya ɗora kibiya a kan tauraro ya fara ja, yatsa ya kuɓuce, tauraro ya koma. Ya sake, ya kai shi kan duniya, ya sake kuɓucewa. Yaya ya ɗaga hannu zai taya shi, Baba ya ce, "Bari." A karo na gaba ya cije leɓe, ya ja a hankali, a hankali, ya wuce duniya, ya wuce kwaɗo. Kwaɗona ya matsa dama ya ba da wuri. Tauraro ya zauna kusa da bishiya.

Daga bayan ƙofa na ji Umma ta fyace hanci.

"Saura 'yar wannan mai tsakin," Baba ya ce yana haki. "Ta ishe ni da ƙorafi."

Yaya ya yi wa Tsuntsuwa nata. Babu tsuntsu a cikin zane-zanen, sai Baba ya zaɓi lasifika, ya ce ta fi dacewa ma. Sannan ya sa aka danna tauraro. Hotuna suka jeru, Yaya da giɓi, Yaya da inifom da ya yi masa yawa, Yaya da gashin baki ya fara tsiro. Daga nan sai fili.

Baba ya kalli na ƙarshen, ya kalli mutumin da ke zaune kusa da shi.

"Wannan hoton ya tsufa. Hau kujera."

Na ɗauko kyamarar daga cikin akwatinta na hura ƙura. Batirinta ya daɗe da mutuwa, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Ko da ta tashi ma, hannu ɗaya ba zai ɗauki nauyinta ba, duk mun san haka. Baba ya riƙe ta a cinya yana shafawa. Yaya na zaune a kujera mai juyawa, gwiwoyinsa sun kusa taɓa ƙirjinsa, tafki da duwatsu a bayansa. Ya sa hannu a aljihu ya tsaya, kamar mai tsoron abin da zai fito da shi. Sannan ya zaro wayarsa ya miƙa.

Baba ya kalli wayar kamar an miƙo masa kunama. Ya ajiye kyamarar a tebur, ya karɓa.

"Ina ake dannawa a jikin shegiyar?"

Na nuna masa. Ya ɗaga ta da hannun hagu, tana rawa.

"Ɗaga haɓa," ya ce. "Kar a yi min dariya, ba tallar..."

Bai ƙarasa ba, don wanda ke kan kujerar ba dariya yake yi ba. Hawaye ne ke gangarowa har cikin gemunsa.

"Goge fuskar nan, Injiniya, tana ɗaukar haske."

Yaya ya goge da hannun riga, wasu suka sake zubowa. Baba ya danna haka nan.

Hoton ya yi rawa sosai. Tafkin ya karkace, kunnen Yaya ɗaya ya fita daga ciki, fuskar kamar ana kallonta ta cikin ruwa. Na ce, "Baba, a sake?" Ya kawo wayar kusa da idonsa ya daɗe yana dubawa.

"A zuba shi a tauraro," ya ce.

Shi ne hoto na ƙarshe da Mai Hoto ya ɗauka, kuma shi kaɗai ne mai rawa da ya taɓa kwana a shagonsa.